Zafin Bazara da Haƙƙin Ɗan Ƙwadago a Gona: Tambayoyi da Amsoshi

Daga ƙarshen Fabrairu har zuwa faɗuwar ruwan farko, aikin gona ba ya tsayawa a Arewa. A lokacin ne ake cirar tumatur a Kadawa da Kura, ake yankan alkama a kwarin Haɗeja, ake haƙar albasa a Aliero, ake ban ruwan shinkafar rani a Bakolori da fadamun Argungu. A lokacin ne kuma rana ta fi ƙuna. Tambayoyin nan su ne waɗanda masu gona da ƴan ƙwadago suka fi jefo mini duk sa'ad da muka zauna a gindin bishiya muna bitar zafi da haƙƙin ma'aikaci. Dokokin da na ambata na Najeriya ne, amma abin da rana ke yi wa jiki ɗaya ne a Maraɗi da Gusau.

Malam, mu da aka haifa a cikin rana, wane zafi kuma za a koya mana?

Sabo yana taimakawa, wannan gaskiya ne. Jikin da ya saba aiki a rana yana saurin yin gumi, kuma ba ya zubar da gishiri da yawa a cikin gumin. Sai dai sabo yana da iyaka. Zafin cikin jikin mutum yana tsayawa ne wajen digiri 37, kuma babbar hanyar da jiki ke sanyaya kansa ita ce gumi ya fito ya bushe. Mai saran ƙasa ko mai ɗaukar kwando, tsokarsa tana hura wuta daga ciki, rana tana dukansa daga sama, ƙasa tana turo masa huci. Idan ruwan jikinsa ya yi ƙasa, ko iska ta yi nauyi har gumi ya kasa bushewa, kamar yadda ake ji a watan Mayu gab da damina ko a tsakiyar fadamar shinkafa, sai zafin ciki ya fara hawa. Da zarar ya haura digiri 40, ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanta sun shiga haɗari, ko ɗan Sakkwato ne ko ɗan Maiduguri.

A Maris da Afrilu, ma'auni ya wuce 40 ba baƙon abu ba ne a Sakkwato, Yola da Maiduguri. A farkon Afrilun 2024, ana cikin azumi, garin Kayes na ƙasar Mali ya kai 48.5. A tuna kuma, adadin da hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, ke sanarwa a inuwa ake auna shi, wanda ke tsakiyar fili yana shan abin da ya fi haka. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2024 cewa kusan ma'aikata 19,000 ke rasa ransu duk shekara saboda zafi a wurin aiki, kuma a Afirka sama da kashi 90 cikin 100 na ma'aikata suna aiki cikin zafin da ya wuce kima.

Ta yaya za mu gane zafi ya fara yi wa mutum illa?

Yakan fara da ƙishirwa mai tsanani, ciwon kai, kasala, ɗaurewar jijiya a ƙafa ko a ciki, fitsari ya ragu ya yi duhu kamar ruwan shayi. Idan aka ci gaba da aiki a haka, sai jiri ya biyo baya, da tashin zuciya ko amai, da bugun zuciya da sauri, mutum ya jiƙe sharkaf, ya ji ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa. Wannan ya galabaita. A kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a ba shi ruwa yana kurɓa a hankali, wani ya zauna tare da shi. Ko ya ce ya warware, aikinsa na ranar ya ƙare. Idan an yi rabin awa bai farfaɗo ba, ko amai ya hana ruwa zama, sai asibiti.

Matakin da ke kisa shi ne wanda ya taɓa hankali. Mutum ya fara sambatu, ko ya tsiri faɗa babu dalili, ko yana tangaɗi kamar mai maye, ko ya faɗi yana jijjiga, ko ya suma. Gwajin ba shi da wuya: tambaye shi sunan garinsu, ka tambaye shi yau wace rana ce. In ya kasa ba ka amsa daidai, kada ka jira wata alama.

Kuskure biyu na fi gani a nan. Na ɗaya, ana cewa ai yana gumi, don haka da sauƙi. Mai aikin ƙarfi yana iya kai wa bakin mutuwa jikinsa jiƙe da gumi. Na biyu, ana cewa iska ce ta buge shi. Na taɓa iske wani saurayi kwance a bakin kunya, abokan aikinsa sun kewaye shi suna tofi, an lulluɓe shi da mayafi, ga ruwa yana gudu a magudana taku goma daga inda yake. Niyyarsu alheri ce, amma mayafin ƙara masa wuta yake yi. A yi addu'a, babu mai hanawa, amma baki na karatu hannu na zuba ruwa.

To idan mutum ya faɗi haka, me za mu fara yi?

Sanyaya shi nan take, a wurin, tun kafin a sami abin hawa. Rabin awar farko ce ke raba wanda zai tashi lafiya da wanda ba zai tashi ba. A cire masa riga. Idan akwai baho, ko kwatarniyar ban ruwa, ko magudanar da ruwanta ba shi da ƙarfi, a tsoma jikinsa har wuya, mutum biyu su riƙe kansa a sama. Idan babu, a yi ta kwarara masa ruwa a jiki duka ana fifita da ƙarfi. In da ƙanƙara, a sa a wuya, da hammata, da matsematsi. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa ko fura a baki, zai shaƙe. A kwantar da shi ta gefe saboda amai. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafin, domin ba zazzaɓi ba ne.

Ana cikin haka wani ya tafi nemo mota ko a-daidaita-sahu, kuma a ci gaba da jiƙa shi a hanya. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, amma gonar da ke nesa da titi ba za ta dogara da ita kaɗai ba. Tun kafin a fara aikin shekara mai gona ya san asibitin da ya fi kusa, ya san abin hawan wa za a ɗauka, kuma shugaban ƴan ƙwadago ya riƙe lambar direban a wayarsa. A gaya wa ma'aikacin asibiti a fili cewa aiki yake yi a rana ya faɗi, don kada a tsaya ga maleriya ko sanƙarau kawai.

Ruwa nawa ya kamata mutum ya sha?

Kofi ɗaya duk minti 15 zuwa 20, ko da bai ji ƙishirwa ba. Wajen lita ɗaya ke nan a awa, wato ledar ruwa biyu. Kada ya wuce lita ɗaya da rabi a awa, yawan ma yana da tasa illar. Alhaji mai gona ya yi lissafi da kansa: mutum goma, aikin awa shida, lita 60 ke nan, jarka uku masu cin lita 20, ban da na wanke fuska da na ko-ta-kwana.

Inda aka ajiye ruwan ma magana ce. Jarkar da ke can bakin hanya, mai cirar tumatur ba zai bar layinsa ya je gare ta ba. Ruwa ya riƙa bin ma'aikata. Randa ko tulu sun fi riƙe sanyi, jarka kuma a naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu a sa ta a inuwa. Gishirin da gumi ya fitar abinci ne ke mayar da shi, shi ya sa mai fita aiki da yunwa ya fi saurin faɗuwa. Fura da nono, kunu, kankana da gurji duk suna taimakawa. Ga wanda ya fara galabaita, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ruwan magudana na shuka ne, yana ɗauke da taki da ragowar feshi da ƙwayoyin kwalara da taifot. Jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi kuwa, ko sau nawa aka wanke ta, ba ta koma ta ruwan sha ba.

Wane lokaci ya fi dacewa a yi aikin, kuma hutu nawa?

Kakanninmu sun riga sun amsa wannan: a fita bayan asuba, a tashi kafin rana ta take, a koma bayan la'asar. Ko salla ma an yi mata sassauci, domin ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa idan zafi ya tsananta a jinkirta azahar har a sami sanyi. Ƙasashen da ƴan'uwanmu ke zuwa neman kuɗi sun mayar da wannan doka. A Saudiyya an hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba. A Katar, daga 10 na safe zuwa 3:30 na yamma, daga 1 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba. Jihar Kalifoniya ta Amurka, wadda ta kafa dokarta a 2005 bayan mutuwar ma'aikata a rana, ta wajabta kafa inuwa da zarar zafi ya wuce wajen digiri 27, da hutun minti goma duk awa biyu ga ma'aikatan gona idan ya kai 35.

Minti goma a awa biyu ba zai ishi Haɗeja a Afrilu ba. Jadawalin masu binciken lafiyar ma'aikata na Amurka ya nuna idan zafi ya kai 40, mai aiki mai nauyi hutunsa a cikin awa ɗaya ya kamata ya fi aikinsa yawa. Ka ga ke nan aikin tsakar rana ko ta fuskar riba hasara ne. Shawarata: aiki mai nauyi irin su huɗa, haƙar albasa da lodi a gama su kafin ƙarfe 11, tsince da ɗaurin buhu a yi su a rumfa. Rumfar ma sanda huɗu ce da zana ko tamfol, wadda za a iya cirewa a bi ma'aikata da ita. Malfa da riga mai faɗi mai haske sun fi tsirara kare jiki, domin rana kai tsaye a kan fata ƙarin zafi ce.

Ni jinga na ba su. In sun ga dama su huta, in sun ga dama su ci gaba. Ina laifina?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma ina roƙon Alhaji ya saurare ni da kyau. Jinga ba haramun ba ce, kuma ƴan ƙwadago da yawa sun fi son ta. Amma duba yadda take aiki a jikin mutum. Wanda ake biya kan kowane kwando, ko kan kowace kadada, duk minti goman da ya zauna a inuwa daga aljihunsa aka cire. Duk zuwa shan ruwa kwando ne ya kuɓuce. Ga iyali a gida suna jira, ga abokin aiki ya wuce shi da layi biyu, ga kunyar a ce rago ne. Don haka ko ka kafa rumfa, ka cika randa, ka kawo malamin asibiti ya yi musu bayani, mutumin nan ba zai zauna ba. Ya san haɗarin sarai. Ciniki ne ya ɗaure shi.

Kai ka yanka farashin, kai ka ce mota za ta tashi ƙarfe biyu, kai ka zaɓi ranar. Saboda haka maganin yana hannunka. Ka sa hutun ya zama na kowa a lokaci ɗaya: a busa usur ko a buga garwa, kowa ya ajiye kayan aiki, babu wanda zai wuce wani. Ka sa ladan hutun a cikin jingar tun wurin ciniki, a faɗe shi a gaban shaidu. A Kalifoniya, tun 2016 doka ta ce mai aikin jinga a biya shi lokacin hutunsa daban da kuɗin jingarsa, saboda sun gano abin da nake gaya maka. Ka shirya da direba ya zo lodi da sassafe ko da yamma. Wanda ya galabaita ya tsaya, ka biya shi abin da ya yi, kada ka ce sai ya kammala ko ya tafi hannu rabbana, domin gobe duk wanda ya ji jiri zai ɓoye.

Idan ta hannun ɗan kamasho ko shugaban lebura kake ɗaukar mutane, da shi za ka fara zama. Sau da yawa shi ne ke hana hutu, saboda kasonsa yana rataye da saurin gamawa. Manzon Allah (SAW) ya ce game da waɗanda ke ƙarƙashinmu kada a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, in an ɗora musu a taimake su. Hadisin bai ware mai jinga ba.

Me ya sa kuke yawan maganar sabon zuwa?

Domin su suka fi mutuwa. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ce fiye da rabin mace-macen zafi na masu aiki a fili a kwanakin farko na aiki suke faruwa. Jiki yana buƙatar kwana 7 zuwa 14 kafin ya saba. Ƙa'idar da ake koyarwa ita ce ranar farko sabon ma'aikaci ya yi kashi ɗaya cikin biyar na aikin rana, kullum a ƙara masa kashi ɗaya. A gonarmu ma'anarsa ita ce ɗan ci-ranin da ya sauka jiya, ko ɗalibin da ya zo hutu, ko wanda ya tashi daga jinya, a ba shi aikin safe da aikin rumfa tukuna, a haɗa shi da wani tsohon hannu ya riƙa lura da shi. Ko tsofaffin hannun ma a sassauta musu a ranakun da zafi ya yi tsalle farat ɗaya.

Ga azumi, ga aiki. Yaya za mu yi?

Azumi yana ja baya da kwana goma zuwa sha ɗaya duk shekara, don haka yanzu yana barin bazara yana nufar hunturu. Duk da haka akwai ramuwa, akwai nafila, kuma ranar Maris ba ta wasa ba ce. Abin da ya fi shi ne a mayar da aikin duka zuwa bayan asuba har hantsi, ban ruwa kuma a yi shi da dare. A jinkirta sahur, a sha ruwa kaɗan-kaɗan tun daga buɗa-baki har zuwa sahur, a rage shayi mai ƙarfi. Jiƙa riga da zuba ruwa a ka ba sa karya azumi.

Malaman fikihu sun yi bayanin mai girbi da mai aikin wahala: ya kwana da niyya, ya tashi da azuminsa, idan wahala ta kai shi inda yake tsoron cutuwa ya sha ruwa ya rama daga baya, idan kuwa halaka ake tsoro, shan ya zama wajibi. Kowa ya nemi ƙarin bayani wurin malaminsa tun kafin watan ya kama. Wanda ya fara jiri da amai a gona ya kai wannan matsayin, kada abokan aiki su tsaya gardama a kansa. Mai gona kuma kada ya tsara aikinsa yadda sai mutane sun karya azumi sannan a gama.

Ƙwayoyin da muke sha don ƙarfin aiki fa?

Ɗan'uwa, a nan nake jin tsoro ƙwarai. Gajiya da ciwon kai ƙararrawa ce da jiki ke kaɗawa. Tiramol yana kashe ƙararrawar, zafin kuma yana nan yana hawa, ga shi yana jawo jijjiga. Magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen, waɗanda ake saye a hannun ƴan talla a haɗe cikin leda, suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, a daidai lokacin da rashin ruwa ya riga ya matse ta. A ƙasashen Nikaraguwa da El Salbado dubban masu yankan rake, samari majiya ƙarfi marasa ciwon suga ko hawan jini, sun mutu da ciwon ƙoda, kuma bincike ya danganta abin da aiki mai nauyi cikin zafi da ƙarancin ruwa kullum-kullum. Inda aka shigo da ruwa, hutu da inuwa a gonakin raken, raunin ƙoda ya ragu. Duk wanda ya san kuɗin wankin ƙoda a Kano ko Maiduguri ya san babu jingar da za ta biya shi. Mai hawan jini da ke shan maganin sa fitsari, da mai ciwon suga, su gaya wa ma'aikacin lafiya irin aikin da suke yi.

Kayan kariya na feshi suna ƙara zafi. Mu cire?

A'a, lokacin feshin za a canza. A yi shi da sanyin safiya ko da yamma lis, da doguwar riga, safar hannu, takalmin roba da abin rufe hanci. Gumi da zafi suna sa fata ta fi shan guba. Alamun gubar feshi suna kama da na zafi, amma idan ka ga yawu yana dalala, hawaye na zuba, ƙwayar ido ta tsuke, a cire masa kayan, a wanke shi da sabulu, a tafi asibiti da kwalbar maganin. Madara ko manja ba sa karya wannan guba.

Wai akwai dokar da ta shafi ma'aikacin gona a Najeriya?

Akwai. Sashe na 17 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa hukuma kare lafiya da walwalar duk mai aiki. Dokar Ƙwadago, Babi na L1 a kundin dokokin tarayya na 2004, ta shafi mai aikin ƙarfi ko da baki aka yi yarjejeniyar. Ta ce wanda zai yi aikin awa shida ko fiye a rana yana da hutun da jimillarsa ba ta gaza awa ɗaya ba, kuma yana da yini ɗaya cikakke na hutu a kowane kwana bakwai. Ta ce a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa kafin wata uku su cika, a biya shi da kuɗi, kada tsakanin biya da biya ya wuce wata ɗaya, kuma ba a yanke masa lada yadda aka ga dama. Ma'aikacin dindindin yana da hutun rashin lafiya har kwana 12 a shekara da albashinsa idan likita ya tabbatar, da hutun shekara na aƙalla kwana shida na aiki bayan ya cika wata 12.

Dokar ba ta faɗi wani ma'aunin zafi da za a dakatar da aiki ba. Wannan giɓi ne da ya kamata a cike. Amma haƙƙin da ke kan mai ɗaukar aiki na tsara aikinsa yadda ba zai cutar da ma'aikaci ba yana nan, kuma kotu tana kama mutum da sakaci.

Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ya hau kaina?

Dokar mafi ƙarancin albashi, wadda aka ɗaga zuwa 70,000 a Yulin 2024, ta cire wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, da masu aikin jinga ko kamasho, da masu aikin lokaci-lokaci irin na noma. Don haka yawancin ƙananan gonaki ba ta hau kansu ba. Babbar gona mai ma'aikatan dindindin 25 ko fiye, ta hau. Cirewar ta tsaya ga adadin albashi kawai, ba ta ɗauke hutu, biya a kan lokaci ko diyya ba. Kuma hadisin Ibn Majah sananne ne: a ba ɗan ƙwadago ladansa kafin guminsa ya bushe.

Idan ma'aikaci ya ji ciwo ko ya rasu a bakin aiki, wa zai biya?

Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ce mai ɗaukar aiki ya yi rajista da asusun inshorar ma'aikata na gwamnati, wato NSITF, ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya duk wata, daga aljihunsa, ba daga na ma'aikaci ba. Ma'anar ma'aikaci a dokar ta haɗa har da na wucin-gadi. Idan abu ya faru, ma'aikaci ko iyalinsa su sanar da mai gona cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto ga asusun cikin kwana 7, a shigar da neman diyya kafin shekara ta cika. A karɓi takardar asibiti da ta nuna abin da ya faru, a rubuta rana da sunayen waɗanda suka gani. Gonar da ba ta yi rajista ba, nauyin yana komawa wuyan mai ita.

Mata da yara fa?

Mata ne ke yawan tsintar tumatur da barkono, da sheƙa da casa, kuma akwai abin da ba sa faɗa a gaban maza: da yawa suna ƙin shan ruwa saboda babu inda za su kewaya. Ɗan kewaye na zana a gefen gona ya warware wannan. Mai juna biyu ta fi kowa shiga haɗari. Binciken da aka wallafa a 2022 kan manoma mata masu ciki a Gambiya ya nuna bugun zuciyar ɗan tayi yana hawa idan uwa tana aiki cikin zafi. A ba ta aikin rumfa. Jaririn da ke goye yana shan zafin rana da na bayan uwa, a sauke shi a inuwa. Dokar Ƙwadago ta ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana.

Yaron da bai kai shekara 12 ba, doka ta hana ɗaukarsa ƙwadago, sai dai aiki mara nauyi a wurin danginsa. Wanda bai kai 18 ba kuma ba a sa shi aikin da zai cutar da lafiyarsa. Goyon tankin feshi da lodin tsakar rana suna cikin wannan, ko almajiri ne ya zo da kansa yana roƙon a ba shi.

Horo kan zafi a gona fa, yaya ake yin sa, wa zai halarta?

Iri biyu ne. Na ƴan ƙwadago gajere ne, rabin awa a bakin gona ranar farko, da harshen da suke ji, ko Hausa ko Fulatanci ko Barbarci, sannan tunatarwar minti biyar duk safiyar da NiMet ta yi gargaɗin zafi. Kada a tsaya ga baki: wani ya kwanta kamar ya faɗi, a ga wa zai ɗauko ruwa, wa zai kira direba, minti nawa aka ɗauka. Kowa a haɗa shi da abokin lura.

Na biyu na mai gona ne da manaja da shugaban lebura, kuma shi ya fi tsawo, domin su ke da ikon tsayar da aiki. A ciki za a yanke wa ke duba hasashen yanayi, a wane ma'auni za a sauya lokaci, yaya za a biya hutu, wa ke riƙe da kuɗin asibiti. Malamin gona, ma'aikacin lafiya na asibitin sha-ka-tafi da jami'in ƙwadago su ne suka dace su koyar, kuma ƙungiyoyin manoma irin su AFAN da RIFAN za su iya tara mambobinsu a yi sau ɗaya kafin noman rani ya kankama. A ajiye littafi guda: sunan ma'aikaci, ranar da ya fara, abin da aka yi ciniki, abin da aka biya, ranar da aka yi masa bita, da duk wanda ya galabaita. Ranar da rigima ta tashi, littafin nan shi ne shaidar kowa.

Idan mai gona ya ƙi, ina za mu kai kuka?

Ku fara da magana a haɗe, kada mutum ɗaya ya je shi kaɗai a sallame shi. Ku nemi abu takamaimai: ruwa kusa, rumfa, tashi ƙarfe 11. In bai ji ba, akwai sarkin noma, mai unguwa da dagaci, da shugabannin ƙungiyar masu ban ruwa, waɗanda sau da yawa maganarsu ta fi takarda saurin aiki. Bayan su akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke babban birnin jiha, inda ake karɓar ƙorafin hana lada da na rashin kariya, sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da rassa a Kano, Kaduna da wasu biranen. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya tuntuɓi ofishin hukumar ba da tallafin shari'a da ke jiharsa. Kafin ku tafi, ku tanadi ranakun da kuka yi aiki, adadin da aka yi ciniki a kai, da mutum biyu da suke wurin lokacin da aka yi shi.